Ƙaro a Masakin Tsoho

Ƙarar ruwa ce ta tashe ni daga gyangyaɗi. Ina kishingiɗe a zaure bayan azahar, tsakiyar bazara, lokacin da ko jaki ba ya son fita daga inuwa, sai na ji culum, culum, kamar ana tsoma itace a gulbi ana fiddawa. Na buɗe ido ina neman inda ruwa ya fito a garin da rijiya ma sai an yi mata layi tun safe. Ashe jikata ce zaune a bakin tabarma da salula a hannu. Hutu ta zo daga lakwal ɗinsu, wato makarantar boko, ta Madawa, kuma tun da ta zo abin nan bai bar tafin hannunta ba sai in za a kai shi sharji.

Na ce mata, amarya, mi kika kallo haka har kin mance da mijinki? Ta ce mijin da ba shi da haƙori ba ya hana kallo. Sannan ta matso ta juyo mini fuskar salular. Desan anime ne, in ji ta, wato zane mai motsi irin na mutanen Japan.

Wani gari ne aka zana wanda babu hanyar ƙasa a cikinsa. Kowane lungu ruwa ne, gidaje tsaye cikin ruwa har gindi. Ƴan mata ne ke koyon tuƙa wani dogon kwalekwale siriri, a tsaye, da sandar tuƙi guda ɗaya, suna ɗaukar baƙi suna zagayawa da su. Na jira a fito da bindiga, ba a fito ba. Na jira ɓarawo ko maye, babu wanda ya zo. Su tuƙa, su sha shayi, su kalli faɗuwar rana, shi ke nan. Na tambaye ta yaushe za a fara labarin, ta ce ai labarin ke nan, don hutun rai ake kallonsa.

To, na gyara kwanciya zan koma barcina, sai ƙaramar cikinsu ta goga kwalekwalen a jikin bango. Ɗan ƙarce ne, kuma babu wanda ya gani. Ta tsaya ta dube shi, ta ɗaure jirgin, ta hau tudu, ta tafi kai tsaye wurin babbar da ke koya musu. Jikata tana karanta faransancin da ke fitowa a ƙasa tana mayar mini da Hausa. Yarinyar ta ce, ni ce na yi. Babbar ta shafa wurin da yatsa, ta yi murmushi, suka ɗauko kayan gyara tare.

Na ce wa jikata ta maido wurin baya. Ta maido. Na ce ta ƙara. A karo na uku ta daina kallon salula ta koma kallona.

Kai mai karatu, ni ba mai ilimi ba ne. Shekara biyu na yi a lakwal, bulalar mushe, wato malaminmu, ta fi haruffansa shiga jikina, na gudu. Ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, da furfura a gemu. A garinmu kuwa abu ɗaya aka san ni da shi, tsiya. Ni ne na taɓa rataye wa ladan takalmansa a reshen bedi, ya fito masallaci yana tsalle a kan ƙasa mai zafi, kuma har yau ana ba da labarin. Amma akwai tsiya guda da ban taɓa ba da labarinta ba, ita ce yarinyar nan ta zane ta tono.

Garinmu yana gindin dutse, tsakanin Deule da Buza. Tsakaninmu da ƙauyukan ƙetare akwai korama. Wata tara yashi ce kawai, yara na wasa a ciki, mata na tonon ruwa. Amma in aka yi ruwa mai ƙarfi can kan duwatsu, ko da ɗigo bai sauka a garinmu ba, sai ka ji ta tafe da ruri, jawur, ɗauke da itace da kara da duk abin da ta tarar a hanya. Takan yi kwana biyu ko uku ba ta ƙetaruwa da ƙafa. A kwanakin nan duk mai son hayewa sai ya nemi kakana, mahaifin babana, wanda kowa ke kira Tsoho. Shi ne mai fito.

Mu ba mu da kwalekwale. Ina muka ga itacen? Gora da masaki muke da su. Gora babban duma ne rufaffe, mutum ya kifa cikinsa a kai ya rungume, Tsoho yana iyo a gefe yana tura shi. Masaki kuwa ƙatuwar ƙwarya ce buɗaɗɗiya, wadda yaro zai zauna ciki ya naɗe ƙafa. A ciki ake sa kaya, hatsi da gishiri da tufafi, a ciki kuma ake sa jarirai. Tsoho ba ya yanke ruwa kai tsaye. Yakan haura sama da nisa, ya shiga, ya bar ruwa ya kawo shi a karkace har ya dire shi daidai gindin wani gawo da ke ƙetare. Abu ɗaya tak yake alfahari da shi a duniya, cewa tun da ya gaji aikin daga ubansa, ko allura bai taɓa ba ruwa ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ya ɗauke ni koyo. Ba don na fi ƴan'uwana hankali ba, don dai in ina gabansa gari yana hutawa. Ya koya mini kallon ruwa. Inda ya yi sumul akwai rami, inda yake tafasa akwai dutse, in kumfa ta fara zuwa da tarkace to wani ruwan yana tafe daga sama. Ba ya duka, ba ya tsawa. In na yi kuskure sai ya ce, sake, abokina. Kunnensa ya riga ya yi nauyi a lokacin, idonsa ma ya fara hazo, saboda haka yakan ce da mutane ni ne kunnensa. Ina jin daɗin sunan nan har tafiyata ta sauya.

Da rani masakin a rataye yake a rufin madafar kakata, matar Tsoho, da muke kira Tsohuwa. Hayaƙi ya mai da shi baƙi ƙirin, kuma hayaƙin ne ke hana ƙwari cinsa. Wata rana cikin bazara, sun tafi ta'aziyya Tabotaki su biyu, na sauke shi na kai korama don in nuna wa tsarana yadda ake fito. Babu ruwa, amma akwai gangaren yashi, ni kuma wannan ya ishe ni. Na zauna ciki, suka tura ni, na sulala ina kuwwa a ba sarkin fito hanya. Sau huɗu lafiya. A na biyar akwai dutse a ƙarƙashin yashi, kamar yadda dutse yake ƙarƙashin komai a ƙasar Adar. Na ji ƙas a gindina. Yaran suna ta ihu ba su ji ba. Na ce wasa ya ƙare, na rungumi masakin na nufi gida. Tsaga ce siririya, tsawon tafin hannu, a daidai gindinsa.

Abin da ya kamata a yi sananne ne, a kai wa gyartai ya ɗinke ya toshe da abin da ruwa ba ya ci. Amma kai wa gyartai yana nufin faɗa wa Tsoho. Sai wayona, wanda tun can ya fi ni girma, ya tuna mini da ƙaron da Tsohuwa ke tsinkowa a daji tana tarawa a wata ƙaramar tukunya. Na jiƙa shi ya yi kauri, na cusa a tsagar ciki da waje, na kankaro kunkunniya daga rufin madafa na shafe. Da ya bushe, ni kaina sai da na nema kafin na gane wurin. Na rataye shi na fita ina yaba wa kaina. Kowa ya san ƙaro narkewa yake a ruwa, ni ma na sani. Na dai ce wa raina damina da sauran nisa, kafin nan zan san dabara.

Al'adar Tsoho ce, in hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya sauko da gora da masaki ya ƙwanƙwasa su. Lafiyayyar ƙwarya tana amsawa da murya mai zurfi kamar ganga. Mai tsaga kuwa muryarta a shaƙe take. Ya zaunar da ni kusa, ya kifa masakin a cinyarsa, yana bugawa da gaɓar yatsa yana zagayawa. Da ya zo gindin na ji shi sarai, kamar mai mura yana magana.

"Mi kaj ji, abokina?"

"Lahiya lau, Tsoho."

Ya ƙara bugawa a wurin, ya karkata kai. Ina jin yatsansa ya ji abin da kunnensa bai ji ba. Ya sake tambaya, na sake cewa lafiya lau. Ya ce to, tunda kunnensa ya faɗi, ya yarda.

A shekarar nan akwai wani abu da ya sauya. Gidanmu asali ba masu salla ba ne, kakannin Tsoho suna da nasu abin da suke bi. Shi kansa yana salla, amma duk zuwan ruwan farko yakan dama farin gero ya zuba a bakin korama, ya yi ƴan maganganun da ya ji daga ubansa, kafin ya tsoma ƙafa. Liman ya daɗe yana yi masa nasiha a hankali, kuma a wannan shekarar Tsoho ya ce ya bari. Ƙannensa biyu ba su ji daɗi ba, gari duk ya sani.

An yi shuka da ruwan farko, sai sama ta ɗauke, shuka ta ƙone. Da ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfi ranar kasuwarmu da hantsi, korama ta kawo ta raba mutanen ƙetare da gidajensu. Cikinsu akwai wata mata mai goyo, wadda mijinta ya tafi biɗa, wato ci-rani, bakin teku tun kaka babu labarinsa. Akuyarta guda ta jawo ta musanya da irin gero, taiki ɗaya, don ta sake shuka tun ƙasa na da laima.

Tsoho ya yi bisimilla, ya aza masakin a gefen ruwa ya duba. Bai sha ko ɗigo ba, ƙaro yana son lokaci. Matar tana sauri, ta roƙi a ɗora jaririn a kan taikin a haye da su gaba ɗaya. Tana ta naci, wai ruwa ƙaruwa yake yi. Ina tsaye kusa da su, ban kai tsawon hannu ba, kuma ni kaɗai a duniya na san abin da ke gindin masakin nan. Na buɗe baki, abin da ya fito tari ne. Tsoho ne ya ce a'a, shi kaya yake fara kaiwa sannan rai, haka ya tarar kuma haka zai bari. Ta kwance goyon ta miƙo mini don ta ƙara ɗaure bakin taikinta.

Har yau ina jin nauyin yaron nan a hannuna, da ɗumin kansa a wuyana. Tsoho ya haura sama, ya shiga, hannu ɗaya a bakin masaki. Ya yi nisa lafiya, har na fara cewa a raina ashe ni gwanin gyara ne. A tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, na ga masakin ya yi ƙasa kaɗan. Sannan ya karkata. Tsoho ya sa kafaɗa ya tallabe shi, nauyin taiki ya danna, tsagar ta buɗe, masakin ya rabe biyu. Sau uku yana nutso bin taikin. A na uku ya daɗe har mata suka fara salati. Can ƙasa da gawon aka jawo shi, rungume da rabin masaki, babu iri.

Matar ba ta yi kuka ba. Ta karɓi ɗanta daga hannuna, ta dube shi, ta dubi ruwa, ta zauna a ƙasa.

Kafin magariba gari ya rabu biyu. Ƙannen Tsoho da masu ra'ayinsu suka ce ga shi nan, an hana mai ruwa abincinsa ya ɗauki na wata. Mutanen liman suka ce babu wani mai ruwa sai Allah, tsufa ne kawai, ya kamata mutum ya san lokacin ajiye aiki. Aka yi ta wannan gardama a bakin masallaci da bakin rijiya har kaka, ƴan'uwa suka daina gaisawa. Aljanin da suke musu a kansa kuwa, wato ni, yana zaune a tsakiyarsu da gajeren wando, yana siɗe kwanon tuwo.

Da ruwa ya janye Tsoho ya buɗe rumbu, ya auna wa matar irin da ya ajiye don gonarmu, ya sa aka kai mata. Rabin gonarmu ya wuce damina ba shuka, kuma kafin gero ya sake nuna mun ci tafasa da anza har bakinmu ya yi ɗaci. Bai koma zuba gero a korama ba, sallarsa ya riƙe. Amma bai sake shiga ruwa ba. Mai gari ya ba wani fito. Tsoho kuwa in korama ta kawo, sai ya zauna can kan dutse nesa da mutane yana kallo.

Tsohuwa ce ta ɗauki rabin masakin da ya fito da shi. Na gan ta a bayan madafa tana bin bakin tsagar da ɗan yatsa. Ta kai yatsan bakinta ta lasa. Ta leƙa tukunyar ƙaronta, sannan ta ɗago ta dube ni. Wannan ita ce matar da ke kirana maigida, take ɓoye mini ƙanzo kada ƴan'uwana su gani.

"Maigida, kunnen nan naka lahiya dai?"

Na ce lafiya. Ta ce to. Ta ajiye sakainar a gindin rumbu ta mai da ita mazubin ruwan kaji, ta ce daga yau ni ne mai cika ta kowace safiya. Shekara shida ina cika ta. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko za ta faɗa masa. Ta ce ba bakinta ne ya ce lafiya lau ba.

Kullum ina cewa gobe. Da farko bulalar babana nake tsoro, don shi bai gaji haƙurin Tsoho ba. Daga baya na fi ƙarfin bulala, amma tsoron bai tafi ba. Kada dai Tsoho ya daina ce mini abokina.

Ranar da zan tafi biɗa karo na farko, Tsoho ya rako ni har bakin korama yana dogara sanda, inda ake jiran kamyon Madawa, wato babbar motar kaya. Rani ne, yashi fari fat. Kwana uku ina shirya maganar a cikina. Na ce, Tsoho. Ya ce in bari shi ya fara. Ya riƙe hannuna ya ce ya ɗauke ni koyo bai ƙarasa mini ba, ya bar ni da rabin sana'a, ga shi zan tafi ƙasar mutane hannu wofi saboda gazawarsa.

"Ka yahe mani, abokina."

Ka san abin da na ce? Na ce na yafe. Ni ɗin nan, na yafe masa. Kamyo ya iso na hau. Ina can bakin teku ina tura amalanke saƙo ya iske ni cewa ya rasu.

Duk wannan ne ya dawo mini a zaure, daga salular da ba ta kai tafin hannu ba. Na yi kwana biyu ina juya shi. Tsoho ya tafi, Tsohuwa ta tafi, matar ma ta tafi. Amma labarin bai tafi ba. Har yau in korama ta kawo, akwai mai nuna wa yara gawon nan ya ce nan ne ruwa ya ƙwace wa mai fito kaya. Wasu su ce don ya bar al'adar ubansa, wasu su ce don ya ƙi yarda ya tsufa. Sunansa kaɗai ya rage da zan iya gyarawa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na tsaya a majalisar tsofaffi gindin bedi na ce ina da magana. Na faɗa musu duka, gangaren yashi, ƙaro, kunkunniya, lafiya lau. Na ce ni ne na yi. Sai wani tsarana, wanda yana cikin waɗanda suka tura ni ranar nan, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Saura suka kama. Suka ce wannan ta fi ta takalman ladan, wai yanzu tsiyata ta kai in ƙwace wa aljani aikinsa. Na rantse, suka ƙara dariya. Ɗan ƙanen Tsoho ya ce in bar iyaye su huta, abin da ya faru kowa ya san shi. Shekara sittin na yi ina koya wa garin nan kada ya gaskata ni, kuma ya koya da kyau.

Na dawo gida na zauna na gaya wa jikata. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni jaririn fa. Na ce yana nan, har ya yi jikoki, shi ne mai kawo albasa daga ƙetare ranar kasuwa, kullum muna gaisawa yana ce mini baba. Sai ta ciro kaye sabo, littafin rubutu, daga jakarta ta lakwal, ta aza bik, wato biro, a kai ta turo gabana. Ta ce tunda baki ya ƙi in gwada hannu, takarda ba ta san halina ba.

Yanzu an yi gada a kan koramar. Moto na wucewa ko ana ruwa, roba da bido, wato jarka, sun kore duma, yaran garinmu ba su taɓa ganin masaki a kan ruwa ba. Babu mai ƙwanƙwasa ƙwarya ya tambayi wani me ya ji. Yarinyar nan ta zane, daga bakin ruwa zuwa wurin mai koya mata ba ta yi taku ashirin ba. Ni tafiyar ta ci mini shekara sittin, kuma na iso na tarar babu kowa a wurin. Duk da haka an yi mini tambaya, kuma amsar tana nan. Masakin a tsage yake, Tsoho, na ji shi sarai. Hannunka bai gaza ba, ruwa kuma bai yi fushi da kai ba. Ni ne na yi.